Gargaɗi a Layi na Tamanin da Huɗu

Litinin, 7 ga Afrilu, biyar na yamma

Mun dawo daga Unguwar Jaji. Babu ruwa.

Kwana uku suna haƙa, mita saba'in da biyu. Abin da ramin ya yi ta amayarwa garin dutse ne fari fat, har ganyen ɗorawar da ke gefe ya koma fari. Da azahar mai motar haƙa ya kashe inji, ya goge hannu a jikin wandonsa, ya ce wa Alhaji Nababa, shugaban ƙungiyarmu ta cigaban gunduma, "Alhaji, ko na kai jibi ina haƙa, dutse ne." Gobe da safe za su bi ayarin da sojoji ke rakawa su koma Kaduna. Wata bakwai muka yi muna jiran motar nan.

Tun hantsi matan ƙauyen suka jera jarkoki a bakin wurin. Da aka kashe inji sai kowace ta ɗauki tata suka bi hanyar rafin bakin daji, rafin da don a raba su da shi aka ce za a yi rijiyar. Huraira, matar ɗan mai unguwa, da tsohon cikinta, ta tsaya ta ce min, "Sannu da ƙoƙari, Injiniya." Da ma zagina ta yi.

Takardar da ta ce a haƙa a nan, malamina Baba Philemon ne ya sa mata hannu. Ni lissafi kawai na yi.

Talata, 8 ga Afrilu, goma na safe

Ban buɗe kwamfutar ba. Na ce wa Umma babu caji, alhali tun jiya Yaya Munzali ya jona min ita a sola.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

An yi zama a zauren Alhaji Nababa. Mai unguwa Jaji ya zo da mutum biyu a kan babur tun daga wajen Randagi. Mama Lydia ce ta riƙo hannun mijinta Baba Philemon har bakin tabarma, don har yanzu baƙin tabarau ne a fuskarsa tun aikin idon da aka yi masa.

Mai unguwa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wuri biyu kuka auna. Ɗaya bayan makaranta, ɗaya gindin ɗorawa. Kuka ce na ɗorawa. Mu ba mu san boko ba, muka ce to. Yanzu ku gaya min abin da zan je in faɗa wa mata."

Wani daga baya ya ce ai shekaru sun ja, ido kuma ba ya gani. Wani ya ce abin da yake lissafin da shi ma tun kafin a haifi rabin mutanen zauren nan ya rubuta shi. Sai Alhaji ya juyo wajena. "Malama Bushira, ke kika gama karatun ƙasa da duwatsu kwanan nan. Manhajar nan tasa, ta tsufa ne?"

Na ce, "Ta kwana biyu, Alhaji."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kuma ba ƙarya ba ce.

Baba ya juyo da fuskarsa inda muryata ta fito. Ban sani ba ko yana ganina. Sannan ya ce, "Ni na sa hannu. Mai unguwa, ka ce musu Philemon ne."

Ba ƙarya na yi ba. Ta kwana biyu.

Alhamis, 10 ga Afrilu, sha ɗaya na safe

Zafi kamar me. Na zauna a tsakar gida ina tsince shinkafa ina tuna shekarar da na dawo gida babu aiki, Baba ya aiko a kira ni. Ya yi shekara talatin yana nema wa mutane ruwa kafin ya yi ritaya, rabin rijiyoyin burtsatsen ƙasar nan shi ya nuna inda za a haƙa su. Ya ce yana son wanda zai bar wa aikin.

Yadda aikin yake, a kafa ƙarafa huɗu a ƙasa, a ja waya, a tura wuta, na'ura ta ba da lamba. A ƙara nisa, a sake. Lambobin nan sai an zuba su a manhajar da ya rubuta da kansa da harshen Fortran, ita za ta zana layi. Inda layin ya lotsa ƙasa, nan ake sa ran ruwa.

Ranar farko ya buɗe min baƙin allon nan da babu komai a kansa sai 'yar farar alama tana ƙiftawa. Na ce, "Baba, ina wajen dannawa?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce a nan ba a dannawa, magana ake yi. Ya sa na rubuta da hannuna:

gfortran -Wall ruwa.f -o ruwa

Ya ce kalmar farko sunan mai harhaɗawa ne, wanda ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta ya mayar da shi abin da na'ura za ta iya gudanarwa. Ta biyu kuwa, mai babban W, ita ce ke ce masa ya faɗi duk abin da ya gani, ko ƙarami ne. "Idan ya ce kuskure, zai tsaya, ba zai ba ki komai ba. Wannan ba ya ba ni tsoro. Idan ya ce gargaɗi, zai ba ki abinki ki tafi da shi. Shi nake so ki zauna ki karanta, 'yata."

Na zubar da rabin shinkafar a ƙasa. Umma ta ce ina hankalina.

Juma'a, 11 ga Afrilu, biyu da rabi

Maza sun tafi masallaci, gida shiru. Na buɗe.

Baƙin allon ba ya mantuwa. In ka danna kibiyar sama, sai ya dawo maka da abin da ka rubuta a baya, ɗaya bayan ɗaya. Sau huɗu na danna. Ga shi nan, na ranar ashirin ga Maris. Babu babban W. Ƙaramin w ne shi kaɗai a wurin.

Na rufe.

Asabar, 12 ga Afrilu, tara na safe

Ba ni na sa hannu ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Yaya Munzali ya dawo daga kasuwa bai ci abinci ba. Ya ce jiya da safe an ji harbi ta wajen rafin Unguwar Jaji. Ba a san ko su waye ba, ba a taɓa kowa ba, ba a tafi da kowa ba. Amma matan sun watse da gudu. Huraira ta faɗi a gangaren nan mai duwatsu, da jarka a kanta.

An kawo ta asibitin gari a kan babur, mijinta a baya yana riƙe da ita.

Na ce, "Ita lafiya?"

Ya ce, "Ita da sauƙi." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Umma ta dafa kunu ta ce in kai. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 15 ga Afrilu, goma na safe

Zan rubuta shi yau, tunda babu mai karantawa.

Bayan makaranta Baba ne ya auna, da tsohuwar na'ura, kafin a tafi da shi Kaduna aikin ido. Gindin ɗorawa ni na auna, da sabuwar na'urar da aka ba ƙungiya aro. Ita sabuwar tana jera lambobinta daban, manhajar ba ta karanta su. Sai na ƙara layi shida da kaina. Na ji daɗin kaina sosai ranar. A cikin layukan akwai wurin ajiye tazarar ƙarafan ciki, na raɗa masa suna da Hausa, nisa.

Ranar ashirin ga Maris Alhaji Nababa ya zo har gida, ya ce an samu motar haƙa, dole a ba su wuri kafin la'asar. Yana tsaye a bayana na harhaɗa. Rubutu mai launi ya fito. Ya sunkuyo ya ce, "Wannan fa? Matsala ce?" Na ce a'a, Alhaji, ba komai. Na goge babban W, na sa ƙaramin, wanda ke hana mai harhaɗawa magana. Na sake bugawa. Allo ya fito tas. Alhaji ya ce, "Ka ga yaran zamani."

Ko karantawa ban yi ba. Don kada ya ga kamar ban iya ba.

Layin ɗorawa ya lotsa sosai, ya fi na bayan makaranta kyau nesa ba kusa ba. Na kira Baba a waya yana kwance da bandeji, na faɗa masa. Ya ce, "Mai harhaɗawa ya yi magana?" Na ce, "Bai ce komai ba, Baba." Da ya dawo Mama Lydia ta ɗora masa hannu inda zai sa.

Talata dai, uku na rana

Na mayar da babban W. Gargaɗi ɗaya ne tak, a layi na tamanin da huɗu. Da Turanci ya rubuta, ma'anarsa lamba na iya canjawa a nan, don ana zuba mai ɗigo a wurin da ba ya karɓar ɗigo.

A tsohon Fortran, duk sunan da ya fara da harafi daga i zuwa n, in ba ka faɗa masa ba, cikakkiyar lamba yake ɗaukarsa. Na san wannan. Baba ya faɗa min a makon farko. Mita ɗaya da rabi ta zama ɗaya. Biyu da rabi ta zama biyu. Bakwai da rabi, bakwai.

Na gyara. Minti biyu bai kai ba. Na sake zana layin ɗorawa.

Bai lotsa ba. Ya miƙe sama kamar sanda. Dutse ne tun daga mita tara.

Laraba, 16 ga Afrilu, takwas na safe

Na goge tarihin umarnin gaba ɗaya. Yanzu in an danna kibiyar sama babu abin da ke fitowa. Na ɗauka zan ji sauƙi.

Juma'a, 18 ga Afrilu, sha biyu

An sallami Huraira. Su biyu suka koma, ita da mijinta, babu goyo.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan la'asar

Mama Lydia ta zo da kanta, da kwanon shinkafar Ista kamar kowace shekara. Ta zauna da Umma a rumfa, ni ina ɗaki ina jin su. Ta ce Baba bai je coci ba yau. Shekara arba'in da aurensu bai taɓa fashin Ista ba, ko shekarar da aka rufe hanya. Wai ba ya son a yi ta yi masa jaje. Ta ce wani mutumin Kakangi da suka yi magana zai zo a auna masa wuri ya aiko cewa a bari tukuna.

Da za ta tafi ta ɗaga labulena. "Bushira, kin guje mu."

Na ce ba ni da lafiya ne, Mama.

"Allah ya sauwaƙe. Babanki ya ce in kin samu sarari ki zo masa da kwamfutar. Yana so ya san inda ya kuskure kafin ya ajiye aikin."

Ban iya cin shinkafar ba. Umma ta dube ni ta dube kwanon.

Litinin, 21 ga Afrilu, tara na safe

Zan iya kai masa wadda na gyara. Zai ji allo tas. Ba ya gani.

Talata, 22 ga Afrilu, shida na yamma

Na je. Wadda ban gyara ba na buɗe, ban san lokacin da na yanke hakan ba, wataƙila a bakin ƙofa.

Yana zaune a gindin mangwaro, ya rame. Ya ce in zauna kusa, in buga yadda ya koya min, in karanta masa duk abin da ya fito. Na rubuta sunan fayil ɗin ba daidai ba, allon ya ce babu wannan fayil. Ya ce, "A hankali."

Na sake. Na karanta masa.

"Tamanin da huɗu? Ni ba ni da komai a tamanin da huɗu. Karanta min layin."

Na karanta.

"Wane suna ne wannan?"

"Nisa, Baba."

Kaza na tono kusa da ƙafarsa bai kore ta ba. Can ya ce, "Da na tambaye ki a waya."

Sai na faɗa masa duka. Alhaji a bayana, ƙaramin w, tarihin da na goge. Ina magana ina kallon takalmina.

Ya ce akwai layi ɗaya da ake sawa a saman manhaja, da ke hana mai harhaɗawa yi wa suna zato. Shekara talatin yana cewa zai sa bai sa ba. Ya ce kuma bai kamata ya sa hannu a abin da idonsa bai gani ba, wannan nasa ne, ba zai ba ni ba. "Kuskuren suna kuwa, ni ma na taɓa yi. Na haƙa wa mutane rami biyu babu ruwa a rayuwata. Ba shi ke hana ni barci ba."

Na san abin da zai faɗa.

"A zauren Alhaji, 'yata. Na ji muryarki, na ce yanzu za ta ce a bari mu duba."

Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, Mama Lydia ta fito daga kicin ta koma. Na ce har da Huraira, ni na jawo mata. Ya buga sandarsa a ƙasa. "A'a. Ba ke kika yi harbi ba. Kada ki kwashi wanda ba naki ba don ki ji kin yi girma da laifi. Naki ma ya ishe ki."

Bai ce ya yafe ba. Ban roƙa ba, na ga kamar da sauran lokaci.

Alhamis, 24 ga Afrilu, sha ɗaya na safe

Na sami Alhaji Nababa a shagonsa na taki. Na yi masa bayani, ya saurara yana jan carbi. Bai gane maganar harafi ba, amma ya gane sauran.

Ya ce, "Malama Bushira, ki bar maganar nan a nan. Tsoho ya riga ya ɗauka, kuma shi ya gama zamaninsa. Ke yanzu kika fara. In ta fita, wa zai sake ba mace aikin nan a ƙasar nan? Ki yi tunanin na bayanki."

Wallahi na ji daɗin maganar. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Har na miƙe na ce na gode.

A hanya na wuce gidan su Baba. Ƙofar a rufe.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan asuba

Na faɗa wa Umma. Ta ce, "Na san da wani abu tun ranar shinkafa." Ta ɗaure min goro da sabulu a leda, ta ce na Huraira ne, kuma da hannuna zan ba ta.

Yaya Munzali ya ce gobe hanya da mutane, ranar kasuwa ce, zai kai ni.

Asabar, 26 ga Afrilu, biyar da rabi na yamma

Awa biyu a kan babur. Ramin na nan, an rufe bakinsa da guntun kwano da dutse don yara.

Mai unguwa Jaji ya tara dattawa a ƙofar gidansa, mata suna daga cikin zaure. Na tsaya, ya ce in zauna, na ce gara a tsaye. Na ce ba Baba Philemon ne ya kuskure ba, ni ce. Na'ura ta gargaɗe ni na rufe mata baki, sannan na yi masa ƙarya, sannan na bari aka ɗora masa a gaban mutane. Ban yi maganar harafi ba.

Wani dattijo ya ce, "To yanzu wannan zai kawo ruwa?" Na ce a'a. Wani ya tofar da yawu ya tashi ya tafi. Mai unguwa ya ce ranar Litinin zai shigo gari ya gaida Philemon, don shi ma ya faɗi maganganu a kansa.

Aka shigar da ni wajen Huraira. Tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ƙafarta a ɗaure. Ta riga ta ji komai ta taga. Na durƙusa na ajiye ledar. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu, sai "Ya ƙarfin jiki" kawai na iya.

Ta ce da sauƙi. Ba ta kira ni Injiniya ba. Ta daɗe tana kallona, ba da fushi ba, kamar mai duba ƙwarya ko ta tsage.

Ta ce, "Wancan wurin, na bayan makaranta. Akwai ruwa?"

Bakina ya buɗe zai ce akwai. Na ji shi yana zuwa.

Na ce, "Ban sani ba. Lissafin Baba ya ce wataƙila. Sai mun sake aunawa, ni da shi, in ya yarda ya zo da ni."

"Motar kuma?"

"Ita ma ban sani ba. Wataƙila bayan damina."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo ledar ta kwance, ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare, ta miƙa wa surukarta rabi. Ni ba ta ba ni ba.

"To ki auna da kyau," ta ce. "Mu muna nan."